Kafin in taɓa waya

Tun watan Yunin 2021, da 'yan bindiga suka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, barci ya ƙaurace mini. Babu ɗana a cikinsu. Amma nawa yana makarantar kwana a wani gari, maigida yana noma ta wajen Ribah, ni kuma ina nan Zuru da keken ɗinkina. Duk labarin da ya taɓa makaranta ko hanyar gona, a ƙirjina yake sauka.

Da na farka, ido bai gama buɗewa ba, hannu ya riga ya lalubo waya a ƙarƙashin matashi. WhatsApp na unguwa, na dangi, na iyayen yara. An ga babura ta wajen kaza, kada a bi hanyar kaza. Wasu labaran tsofaffin hotuna ne ake ta juyawa, amma da ƙarfe 4 na asuba zuciya ba ta tantancewa. Kafin in hura gawayi na riga na binne mutum biyu a raina. Har hawan jini ya kama ni, a asibiti aka ce in rage gishiri da tunani. Gishirin dai na rage.

Kuma fa ina addu'a. Wata rana a Zumuntar Mata ta cocinmu aka ce in rufe taro, na yi doguwar addu'a har da hawaye. Muna fitowa wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, ta kama hannuna ta ce, "'Yata, lissafi kika yi wa Ubangiji yau. Kin jero masa abin tsoro ɗaya bayan ɗaya kamar bai sani ba, ko na gode ɗaya ban ji ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, a halin da ake ciki, me zan gode?"

Ta ce in je in karanta Filibiyawa 4:6, in kuma bincika inda Manzo Bulus yake sa'ad da ya rubuta.

Ayar na san ta tun ina yarinya: kada mu damu da kome, mu kai roƙonmu ga Allah tare da godiya. Godiyar ce nake tsallakewa. Bulus kuwa a ɗaure ya rubuta wasiƙar. Sai na koma Ayyukan Manzanni sura 16, inda a garin Filibi ɗin aka yi masa dūka shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo. Abin da ya tsaya mini shi ne jerin yadda abin ya faru. Waƙar ce ta riga girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofin kurkukun da aka tsare su. Lokacin da suke rerawa ƙofa a kulle take, ba su san za ta buɗe ba. Ni kuwa jira nake a ce hanya ta yi lafiya tukuna in yi yabo.

Abin da na fara yi ƙarami ne. Waya ta daina kwana a ɗaki, a kan keken ɗinki nake barinta. Kiran sallar asuba na masallacin bayan gidanmu shi ne agogona, ba ya makara. In tashi in karanta Zabura ɗaya da murya, don idan na karanta a zuci tunani yakan sace ni tun a aya ta biyu. Ina hura wuta ina rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙinmu. Sai in ambaci abu uku da zan gode, kowanne da sunansa: yaro ya kira jiya, an biya ni kuɗin ɗinkin anko, ruwa ya sauka. Bayan haka roƙo. Waya ce ta ƙarshe.

Zabura 150 ce, na ɗauka wata biyar zan gama. Ta 119 kaɗai, mai aya 176, ta cinye mini mako guda. A hanya na gane cewa masu Zabura ma kuka suke yi. A ta 13 sau huɗu Dawuda yake tambayar Allah har yaushe, kafin ya ƙare da cewa zai raira waƙa. Ta 88 ko wannan ba ta yi ba, cikin duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Wannan ya sauke mini nauyi, domin da ina zaton sujada sai da fara'a.

Ba kullum nake cin nasara ba. Wata damina wayar maigida ta yi kwana biyu ba ta shiga. Ranar farko ko Zabura ban buɗe ba, ina tsakar gida ina danna lamba kamar mai taɓin hankali. Rana ta biyu na rera waƙar da busasshen baki, ban ji kome a raina ba, amma na kai ƙarshenta. Ya dawo lafiya, caji ne ya ƙare masa. Gonar nesan dai dole muka bar ta, kuma hatsin da muke samu yanzu bai kai na da ba. Habakuk 3:17 da 18 na riƙe a shekarar, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji.

Yau da asuba ina tsakiyar waƙa na ji wayar tana ta ƙara a kan keke. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Saura baiti biyu, na rera su, na sauke tukunyar koko, sannan na je na ɗauka. Wata ce ke tambaya ko rigarta ta bikin Asabar ta yi.