Na tayar da tsohuwar N95 ɗina bayan shekaru tana kwance

Satin da ya wuce Hajiya ta sa ni in fito mata da takardun gida daga cikin tsohon akwatin ƙarfen nan nata, ina ɗaga wani zani sai ga wayata Nokia N95 a naɗe cikin leda, wallahi sai da gabana ya faɗi don na san abin da ke cikinta. Ta hannu na saye ta a Farm Centre a Kano wajen 2010, lokacin ta ɗan kwana biyu da fitowa tunda 2007 aka fara sayar da ita, amma duk da haka in ka zaro ta a majalisa sai an ce miƙo mu gani.

Na cire murfin baya da farce kawai, ba sukundireba ba komai. Batirin ya kumbura kamar burodi, BL-5F ne mai 950mAh, kuma laifina ne don na ajiye ta da batir a ciki shekara da shekaru. Allah ya taimaka bai zubo ya ci ƙarafan ba. Yanzu kam duk wayar da zan ajiye sai na zare batirin tukuna. Na sha yawo kafin na samu wani, a ƙarshe wani dattijo mai gyara ya zazzage wata roba cike da tsofaffin kaya ya ce ɗana gwada wannan, kuma ya shiga daidai.

Sai maganar caji. Na jona mata kebul ta ramin USB ɗin da ke ƙasa na zauna kusan awa guda shiru, ashe na manta wannan ramin na tura fayil ne kawai, caji sai da cajar nan mai siririn baki. Da na samo ta na danna madannin sama, ta yi ɗan gir, hannayen nan biyu suka fito suna gaisawa, ni dai na kasa cewa komai.

Abin da har yau yake burge ni shi ne zugewar nan ta gefe biyu. Ka tura sama lambobi su fito, ka tura ƙasa madannan kiɗa su fito sikirin ya juya a kwance. Sikirin ɗin inci 2.6 ne kacal, yanzu sai ka ga kamar akwatin ashana, amma ka duba abin da aka cusa mata a wancan zamanin, kyamara megafiksel 5 mai gilashin Carl Zeiss har da ɗan murfi da kake zugewa ta buɗe da kanta, ga GPS ga Wi-Fi ga 3G ga rediyon FM ga sifika biyu hagu da dama, har infrared akwai. RAM ɗinta 64MB ne shi ya sa in ka buɗe Opera Mini da 2go ka ƙara da kiɗa sai ɗaya ya rufe kansa. Da na shiga wajen manhajoji na tuna yadda muke mayar da kwanan wata baya in fayil ɗin sis, wato na saka manhaja, ya ƙi hawa yana cewa satifiket ya ƙare, duk wanda ya riƙe waya mai Symbian, wato tsarin da ke tafiyar da irin waɗannan Nokia, ya san wannan dabarar.

Intanet kam kada ka wahalar da kanka, na jona Wi-Fi na gwada, yawancin shafuka ba sa buɗewa saboda tsarin tsaron yanzu ya wuce nata. Sim ma nawa ƙarami ne nata babba, ban ma sa ba na bar ta a offline.

To amma ba don wannan na yi ta yawon neman batir ba. A gefenta akwai ɗan ramin memori, katin 2GB na nan yadda na bar shi. Kafin in taɓa komai na zare shi na sa a kadrida na kwafe kaf zuwa kwamfuta, sannan na sake kwafa a filash, don katin da ya daɗe haka ba ka san ranar da zai ce ga garinku ba. Waɗanda ke cikin kan wayar, ɗan 160MB ɗin nan, su na tura ta kebul. A ciki akwai bidiyon ranar sunan ɗiyar yayata, minti huɗu da ɗan kai, Kaka na zaune kan tabarma tana riƙe da jaririyar tana yi mata addu'a, ni kuma ana jin muryata ina cewa Kaka ɗago ki kalli nan. Kaka ta rasu shekara biyu bayan nan, Allah ya jiƙanta, kuma duk gidanmu babu mai muryarta a ko ina.

Ni a ganina abin da ya ceci bidiyon nan shi ne komai na wayar a hannunka yake, batir ka cire, kati ka zare, ba wanda zai tambaye ka fasuwod ɗin da ka manta tun tuni. Wayar da nake riƙewa yanzu ta ninka ta a komai amma a liƙe take ruf, da ita ce ta kwanta haka a akwati ban san ta ina zan fara ba.

Akwai wata igiyar kebul da ake jonawa a ramin iyafis ɗinta, mai kai uku ja da fari da rawaya, hoto ya fita a talabijin. Dattijon nan ya nemo min ita ma. Bayan isha'i na haɗa a tsohuwar talabijin ɗin falo na ce Hajiya zo ki ga wani abu, ta zauna tana gyara mayafi, muryar mahaifiyarta na fitowa ta dafe baki. Sau uku ta ce in maimaita, sannan ta ce a kira Yaya a waya yanzu yanzu ta zo da yarinyar gobe.