Fatsar ƙuda daga Yauri: sanda mai rangwame da kayan da za su jure ruwan gishiri

'Yan'uwa masu koyon fatsar ƙuda, wato kamun kifi da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi ko zare ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, a Yauri, Birnin Kebbi da Argungu, ga inda aiki ya kai. Jifa ya fara zama a hannu da sandunan aro, yanzu magana ta koma kan sayen na kai. Tunda akwai masu niyyar gangarawa Legas su gwada ruwan gishiri a wajen Tarkwa Bay ko Badagry, shawarar da muka tsaya a kai ita ce a haɗa kaya saiti ɗaya wanda zai iya da tsage a kogin Neja, ya kuma jure gishirin teku. Kayan teku na aiki a kogi lafiya lau. Na kogi ne in aka kai su teku tsatsa ke cinye su. Kuma in dole sai an tsuke aljihu, a tsuke shi wajen sanda, kada a taɓa kuɗin igiya da na injin naɗi.

Mu fara da lamba, don a nan masu ganin rangwame ke rasa kuɗinsu. A wannan fatsa ƙudan ba shi da nauyin da zai ja zare, nauyin igiyar ne ke lanƙwasa sanda ya kai ƙugiya nesa. Shi ya sa kowace sanda ke ɗauke da lamba a rubuce sama da mariƙi, lambar kuma ta igiyar da aka ƙera sandar dominta ce. Ma'aunin da masu ƙera kayan fatsa na Amurka suka kafa a 1961 yana duba nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, wato mita 9 da ɗan ɗoriya. Lamba 5 giram 9 ce, lamba 8 giram 13.6, lamba 9 giram 15.6, lamba 10 giram 18.1, lamba 12 kuma giram 24.6. Sandunan da suka fi yawa a kasuwar rangwame lamba 4 ne da 5, saboda su ake amfani da su a ƙoramun sanyi na Turai da Amurka. Suna da kyan gani, ga sauƙin kuɗi, amma ba namu ba ne, sai dai ga mai son wasa da karfasa da kawara a bakin gaɓa. Ba za su ɗauki ƙuda mai tsawon yatsa ba, balle su huda iskar hunturu.

Tamu ita ce lamba 9, tsawon ƙafa 9, gaɓa huɗu. In ba a samu ba, lamba 8 ta wadatar ga tsage da matsakaitan kifayen teku, sai dai tana wahala da manyan ƙudaje. Lamba 10 ta fi ƙarfi amma tana gajiyar da kafaɗar sabon hannu, kuma kafaɗa in ta gaji jifa lalacewa yake. Lamba 12 a bar ta tukuna. Da ita ake neman giwan ruwa da dare a kogin Faro na Kamaru, da ita ake tunkarar manyan kifayen da ake kira tafon a teku, amma ba da ita ake koyo ba. Gaɓa huɗu kuma saboda tafiya ne: kowace gaɓa ba ta wuce santimita 75 ba, bututunta na shiga jakar baya, ya hau babur ko motar haya ba tare da wani ya zauna a kansa ba.

Rangwame kansa iri-iri ne. Mafi kyau shi ne na tsohon yayi, lokacin da kamfani ya fitar da sabon samfuri, shaguna suka karya farashin wanda ya gabata don su share wuri. Wannan yakan faɗo ne a ƙarshen kakar kamun kifi ta ƙasashen sanyi, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Sandar sabuwa ce fil, kifi kuma bai san shekarar da aka ƙera ta ba. Sai wadda aka yi gwaji da ita a shago, sai ta hannu, sai kuma jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. In ka ga an rubuta Sage ko Orvis amma farashin bai kai rubu'in na gaskiya ba, ka wuce kawai. Gara sanda mai sauƙin kuɗi daga kamfani irin Redington, Echo ko TFO da ka tabbatar da asalinta. Kada kuma alkawarin gyara kyauta ya ruɗe ka. Yawanci mai saye na farko kaɗai ya shafa, kuma kuɗin aika karyayyar gaɓa daga Kebbi zuwa ƙasar waje ta dawo na iya kamo kuɗin sandar. Abin tambaya shi ne ko ana sayar da gaɓar sama ita kaɗai, don ita ce ke yawan karyewa. Sandar da ta zo da gaɓar sama biyu ta fi mana daraja a kan wadda ta zo da takardar alkawari.

In sanda ta iso, ko ɗan'uwa zai duba maka ita can kafin ya biya, ga yadda ake bi. A fito da ita rana, a juya kowace gaɓa a hankali ana bin ta da farce. Ƙarcewar fenti ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne ɗan farin tabo mai kamar tauraro, ko wurin da farce ya faɗa, domin alama ce ƙuda mai dalma ya taɓa dukan wurin, kuma nan za ta tsinke ranar da kifi ya ja. A duba bakin kowane mahaɗi, ɓangaren da ake zura ɗan'uwansa a ciki. Tsaga ko siririya ce kamar gashi, sandar ta tashi aiki. Daga nan a haɗa ta duka, a riƙe mariƙi a kaɗa ta sama da ƙasa, kunne na kusa. In an ji ƙas-ƙas, ko dai mahaɗi ya saki ko ƙafar zobe na motsi a cikin naɗinta. Mahaɗin da ya ɗan saki ana shafa masa kyandir kaɗan ya kama, amma wanda ya shige har ƙarshe yana kuma juyawa ya riga ya cinye.

Zobban da igiya ke bi ta ciki su ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. A tsaga auduga a zura ta kowane zobe. Inda ta maƙale ta bar gashi, akwai tsaga ko kaifi, kuma wannan kaifin zai fere igiya mai tsada cikin 'yan kwanaki. Manyan zobba biyu na kusa da hannu suna da tangaran a ciki, a tabbatar bai fashe ba. In an ga ja ko kore a gindin zobe ƙarƙashin man da aka rufe naɗin da shi, gishiri ya riga ya shiga. Mazaunin injin naɗi ya zama alminiyam mai rufi, da goro biyu masu ɗaurewa. Mai katako a tsakiya na ruwan daɗi ne, yana kumbura ya tsage. A ƙarshen gindin sandar kuma a ga ɗan dunƙulen da ake dafawa a ciki lokacin kokawa da kifi. Sanda lamba 9 da ba ta da shi ba don irin wannan aiki aka yi ta ba.

Igiya ita ce abin da muka fi damuwa da shi, kuma ita ce aka fi raina wa. Galibin igiyoyin da ake haɗawa kyauta da sandar rangwame na ruwan sanyi ne. Rufinsu na roba an yi shi ya yi laushi a sanyi, to in ya haɗu da zafin Yauri na Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, sai ya saki kamar taliyar da ta wuce dahuwa, ya riƙa manne wa zobba yana cukurkuɗewa a ƙafa. Mai koyo sai ya ɗora laifin a hannunsa, alhali igiyar ce. A nemi wadda kwalinta ya nuna ta ƙasashen zafi ce, mai tauri a ciki. Ita ma tana da halinta: da sanyin asuba na Disamba da Janairu takan fito a murɗe, sai an ja ta tsakanin hannu biyu, mita ɗaya bayan ɗaya, kafin a fara jifa.

Rubutun kwali ba shi da wuya. WF9F na nufin nauyin na gaba, lamba 9, mai yawo a saman ruwa. In harafin ƙarshe I ne, tana nutsewa a hankali, kamar inci ɗaya da rabi zuwa biyu a daƙiƙa. In S ne, mai nutsewa ce sosai. Wanda zai sayi ɗaya tak ya ɗauki mai I. Tana shiga ƙarƙashin igiyar ruwa a teku, tana kuma kai ƙuda inda tsage ke tsayawa a gefen ruwa mai gudu. Mai yawo ta fi daɗin koyo, ita ce ta biyu in hali ya samu. Igiyar da ta zo ba kwali kuwa a gwada ta: a auna ƙafa 30 daga baki, a naɗe, a ɗora a sikelin masu sayar da zinari, sauran igiyar na kwance a tebur ba ta ja. In ta nuna kusan giram 15 zuwa 16, lamba 9 ce. Kada a yi mamaki in sabuwa ta ɗara haka, kamfanoni da yawa yanzu suna ƙara rabin lamba ko lamba guda. Ga sabon hannu wannan taimako ne, don yana sa a ji lanƙwasar sanda a ɗan gajeren jifa.

Injin naɗi a ruwan gishiri ba wurin ajiye igiya kaɗai ba ne, birkinsa ke tsayar da kifi. A nemi na alminiyam da aka sassaƙa daga dunƙule, mai birki a rufe, mai faɗin ciki. Na zubi mai fenti yana da araha, amma da fentin ya ƙwarzane gishiri ya shiga, in ya faɗi a kan dutse kuma tsagewa yake maimakon lanƙwasa. A gwada birkin da hannu: a ɗaure shi rabi, a ja igiya da sauri. Ta fito sumul tun daga farko. In ta fara cijewa sannan ta saki, wannan fizgar ce ke tsinka zare. A ƙarƙashin igiya, wadda ba ta wuce mita 27 zuwa 30 ba, a naɗa zaren ajiya mai ƙarfin fam 30 (wato nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tsinke), kamar mita 180, a naɗa shi da tauri. In ya yi sako-sako, yana nutsewa cikin kansa ya kulle daidai lokacin da kifi ke gudu.

Zaren gaba, wanda ke haɗa igiya da ƙuda, ba sai an sayo haɗaɗɗe ba. Mita ɗaya da ɗan kai na fam 40, rabin mita na fam 30, rabin mita na fam 20, an gama. Tsage da barakuda na teku duk haƙora gare su masu yanke zaren roba, don haka a ƙara waya mai fam 30 zuwa 40, tsawon santimita 10 zuwa 15, a haɗa da ƙullin Albright. A jiƙa kowane ƙulli kafin a ja shi, busasshe yana ƙona kansa. Ƙuda iri biyu sun isa a fara: Clouser Minnow, wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987, mai idon dalma da ke sa ƙugiya ta kalli sama, da Deceiver na Lefty Kreh. Ƙugiya mai girman 1/0 zuwa 3/0, wadda ba ta tsatsa, a kuma wasa ta, domin bakin tsage ƙashi ne. In ya kama, kada a ɗaga sanda. A ja igiya da hannu da ƙarfi, bakin sanda na kallon ruwa. Ɗaga sanda tsaye cak lokacin da kifi ya zo kusa, ko kama ta sama da mariƙi, su ne manyan masu karya gaɓar sama. A danne ƙayar ƙugiya da filaya, a sa tabarau ko da hadari ne. Clouser da iska ta karkato ba ya tambaya.

Kwandon tara igiya, inda ake zuba igiyar da aka janyo da hannu, ba abin saye ba ne. Ƙaramar robar wanki, a huda gindinta don ruwa ya fita, a kafa 'yan tsinken roba shida a tsaye don hana cukurkuɗewa, a ɗaura a ƙugu da bel.

Bayan kowace fita teku a wanke komai da ruwan daɗi a ranar, ba gobe ba. A raba sanda, a bi gindin zobba da tsohon burushin haƙori. A cire ƙwaryar injin a ɗauraye ta a ruwa mai zuba a hankali, don ruwa mai ƙarfi tura gishiri yake cikin birki. A sassauta birkin kafin ajiya, a bari komai ya bushe a inuwa kafin ya koma bututu. A nan gida ƙura ce abokiyar gaba: a goge igiya da tsumma da ruwan sabulu mai sauƙi, kada a bar sanda ko igiya cikin mota a rana. Sandar kuma tana jan wuta, don haka a kwantar da ita da an ji tsawa, a kuma kula da wayoyin lantarki a filin gwaji.

Aikin da ke gabanmu shi ne jifa mai ja biyu, wato a fizgi igiya da ɗaya hannun lokacin kai sanda baya da lokacin kai ta gaba, har a kai mita 15 zuwa 18 cikin iska da kaɗawa biyu ko uku kacal. A yi shi a kan ruwa ko ciyawa, da ɗan ulu a madadin ƙugiya, domin yashi da tsakuwa na cin rufin igiya. Ruwan damina na Agusta zuwa Oktoba jawur yake, kifi ba ya ganin ƙuda. Wanda ke isowa Yauri da tafkin Kainji daga tsaunukan Gini wajen Disamba ya fi garau, shi za mu jira. Kafin nan kowa ya gaida Sarkin Ruwan yankinsa ya nemi izini, ya tambayi Sarkawa inda dorina ke kwana da inda aka shimfiɗa taru da mamari, ya kuma tanadi rigar ruwa in zai shiga jirgi. 'Yan Argungu ku tuna Matan Fada a rufe take sai lokacin biki, a nemi wani wurin gwaji.