Na bi sawun “cutar tsoron intanet” har cikin kundin likitoci

Saƙon ya fara yawo ne da Faransanci a zaurukan WhatsApp na nan Damagaram, daga baya wani ya juya shi da Hausa cikin saƙon murya. Wai likitocin duniya sun tabbatar da wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna sibarfobi, wato tsoron intanet, kuma duk wanda ke gudun babbar waya ko ya ƙi taɓa kwamfuta yana ɗauke da ita. Ba sunan likita, ba sunan asibiti, ba shekara. Samarin gidanmu suka ɗauki maganar suka manna wa Kawu, yayan mahaifiyata, wanda yake dukanci a unguwar Birni tun kafin a haife ni. Masu sayen jakunkunansa daga Kano da Agadas da Yamai yanzu hoto suke so a tura musu kafin su aiko da kuɗi, shi kuwa ya ce ƴar wayarsa mai maɓalli ta ishe shi. Sai yara suka fara cewa Kawu ba shi da lafiya, har a kan idonsa. Abin ya yi mini zafi. Tunda koyar da kwamfuta nake yi da yamma, na ce bari in bi maganar nan har inda ta fito.

Wajen wani abokina malamin asibiti na fara zuwa. Ya ce in daina ɓata megana na intanet a shafukan da ke jera sunayen tsoro ɗari-ɗari, domin kundi biyu ne likitocin ƙwaƙwalwa suke dogara da su. Ɗaya na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ICD-11, wanda mu masu Faransanci muka sani da CIM-11. An amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, kuma kyauta yake a intanet. Ɗayan na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ne, DSM-5, na 2013, wanda aka yi wa gyara a 2022. Na jira dare ya yi, lokacin da rezo ke sakin jiki, na bi sassan da suka shafi fargaba da tsoro. A cikin kundin biyu babu wata cuta da aka ware mata suna tsoron intanet.

Abin da ke akwai shi ne tsananin tsoron wani abu takamaimai, mai lamba 6B03 a kundin Hukumar Lafiya. A nan na daɗe, don sharuɗɗansa su ne suka warware mini komai. Sai tsoron ya zama yana tasowa kusan duk lokacin da mutum ya haɗu da abin. Sai ya zarce haɗarin da ke tattare da abin a zahiri. Sai mutum yana gudunsa, ko yana jure shi cikin azaba. Sai ya daɗe, kundin Amurka ya ce galibi wata 6 ko fiye. Sannan sai ya hana mutum sana'arsa ko zaman gidansa, kuma ba wata larurar daban ce ta kawo shi ba. Misalan da aka saba gani su ne tsoron dabbobi, hawa sama, jini da allura, shiga jirgi. A kundin Amurka akwai gurbin “sauran abubuwa”, saboda haka likita zai iya sa wanda kwamfuta ke firgita shi haka a ciki, in ya cika sharuɗɗan. Amma likita ne zai auna mutum guda a gabansa, ba saƙon murya ba.

Ba daga iska maganar ta faɗo ba, wannan ma ya kamata a faɗa. Tun 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Timothy Jay, ya yi rubutu a kan tsoron kwamfuta, lokacin da na'urar ke shiga ofisoshi da makarantu tana razana ma'aikata. Bayansa masu bincike sun ƙirƙiro tambayoyin auna fargabar kwamfuta a tsakanin ɗalibai da malamai. Bincike ne na gaske, sai dai auna fargaba daban, ayyana cuta daban. Wani labarin kuma ya tsaya mini a rai. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Ivan Goldberg, ya rubuta alamomin “cutar jarabar intanet” da wasa, yana kwaikwayon salon DSM, sai mutane suka ɗauka da gaske. Ga likita, ga rubutu mai kama da na kundi, ga kuma abin ba haka yake ba. Wanda ya samu shiga kundin Hukumar Lafiya a wannan fanni shi ne jarabar wasannin bidiyo, shi ma bayan shekaru ana gardama tsakanin masana.

Da na gama da takardu sai na tafi rumfar Kawu da hantsi. Na tarar yana yankan jar fatar akuya a kan allo, zare a baki. Na zauna na ce, “Kawu, ran ka ya daɗe, mene ne ainihin abin da ba ka so a wayar nan?”

Ya cire zaren, bai ɗago ba. “Ɗana, wa ya taɓa tambayata? Ni ajami na iya, ita kuwa da boko take magana. In danna abin da ban sani ba, kuɗina su tafi, wa zan kama?”

Sai ya ba ni labarin wani abokin sana'arsa da aka kira aka ce ya ci kyauta, aka nemi lambar sirrinsa, kafin la'asar an kwashe kuɗin fatun da ya tara. Ya ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Akwai kuma zanen jakunkunansa, da yake gudun a ɗauki hoto a kwaikwaya da roba a sayar da arha. Na ƙarshen da ya faɗa a hankali ya fi taɓa ni: ba ya son yaron da ya goya ya koya masa abu yana dariya.

Na ɗora maganarsa a kan sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Jikinsa ba ya rawa in ya ga waya. Da azumi da hannunsa yake riƙe tawa yana sauraron tafsiri. Tsoronsa bai zarce haɗarin ba, don damfarar da yake gudu tana faruwa a garin nan. Abin da na koya a rumfar shi ne, a inda manya da yawa ba su yi lekol ba, kuma na'urar ba ta jin harshensu, taka-tsantsan hankali ne. Muka fara da saƙon murya kawai, mu biyu, ba yara a kusa. Yanzu yana tura hoton kaya da kansa, daga gefe, yadda zanen ba zai fito duka ba. Kuɗi kuwa har yau sai ya je wurin masu aikawa ya karɓa a hannu, ban kuma matsa masa ba.

Wadda ta fi damuna ba Kawu ba ce. Wata ɗalibata ce, budurwa mai ƙoƙari, da ta daina zuwa aji ba sallama. Da na je gidansu mahaifiyarta ta ce, “Malam, yarinyar nan ko ƙarar waya ta ji sai ta hau kyarma, ta shige ɗaki.” Ashe wani ne ya ɗauki hotonta na biki, ya haɗa da ƙarya, ya watsa a zauruka. Ta bar barci, ta bar abinci, kasuwar Dole ma ba ta iya zuwa don gani take kowa ya gani. Wani ɗan'uwansu har ya karanta musu saƙon nan na sibarfobi, ya ce ai ga sunan ciwon, a ɓoye mata waya za ta warke. Nan na ga ɓarnar sunan da ba shi da tushe: ya sa an kira mai lafiya majinyaci, ita kuma mai ciwon gaske ya rufe abin da aka yi mata.

Na roƙi mahaifinta, muka kai ta asibiti. Likitan bai ambaci intanet a matsayin cuta ba ko sau ɗaya. Barcinta ya tambaya, da cin abincinta, da ranar da abin ya fara, da ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Ya ce kada a ƙwace mata waya, kada kuma a tilasta mata. A bari ta koma kaɗan-kaɗan tare da wanda ta amince da shi. Abokina malamin asibiti ya ce wannan bi-a-hankali tsohuwar hanya ce a maganin tsoro, tun aikin Joseph Wolpe, likitan Afirka ta Kudu, a shekarun 1950. Na kuma shaida wa iyayen cewa Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, in suna son kai ƙara.

Ta dawo aji bayan sallar layya. Tana aiki a kwamfutar da ba a haɗa da intanet ba, tana kuma amsa kiran mahaifiyarta. WhatsApp ba ta buɗe ba tukuna, likita ya ce ba gaggawa. Maganar ƙara kuwa mahaifinta yana shawara da ƴan'uwansa.