Teku a falo, ga hunturu, ga ba wuta

Talata, cikin Janairu, Bauchi.

Kukan inbata ne ya tashe ni, ƙarfe 2:40 na dare. Ta yi tit-tit ɗinta na bankwana, sannan ɗif. Tun la'asar ɗin jiya taransifomar unguwarmu ta yi bindiga, baturan kuma ba su cika ba, don kwana uku ke nan hazo ya rufe gari, ƙura ta lulluɓe farantan sola kamar an barbaɗa musu garin tuwo. Tun Asabar nake cewa zan hau in goge.

Shirun falo ne ya kaɗa min hanji. Shekara uku ban taɓa shiga falon nan ban ji motsin ruwan akwatin kifina ba. Ko a babban duhun Oktoban 2024, da aka yi kwana da kwanaki Arewa ba wuta, rana ta riƙa cika min batura, kuma lokacin zafi nake yaƙa, fanka na kafa wa bakin ruwa. Sanyi kam yau muka fara gaisawa.

Akwatin gilashi ne mai cin lita 200. Ruwan ni nake haɗawa, giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, na musamman ne da nake saƙo daga Legas. A ciki akwai kifi huɗu, jatan lande ɗaya, dodon koɗi, sai murjani kala bakwai a kan duwatsu. Duk halittun teku mai ɗumi ne, abin da suka sani digiri 25 zuwa 26. Da na haska ma'auni da tocila, 23.4 na gani. Hita tun jiya na cire ta, don wat 200 take ja, da ta shanye baturan kafin isha'i.

Har na nufi ɗaki ɗauko bargo, sai na haska saman ruwan. Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda ko da wasa ba sa barin gindin dutsensu, suna can sama suna haki. Ashe ba sanyi ne zai fara kashe su ba. Lita 200 ba ta hucewa da wuri, sanyi sai ya yi sa'o'i yana aikinsa. Iska ce ke ƙarewa. Dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya gaza shi, kuma ta saman ruwa kaɗai iskar ke shiga, ba ta kuma shiga sosai sai in yana motsi. Ga shi cikin duhu kowa shaƙa yake, ba mai bayarwa: kifi, murjani, har ƙwayoyin halittar da ke cikin ramukan duwatsu masu tace ƙazantar ruwan.

Ina da ɗan famfon iska mai aiki da batir, na saya musamman don irin wannan dare. Na buɗe, baturan sun yi ruwa sun cinye ƙarfen. Janareto kuwa na ja igiya har kafaɗata ta ƙage, ko tari bai yi ba. Wata biyar ban tayar da shi ba saboda tsadar fetur.

Sai moɗa. In ɗebo, in ɗaga sama kamar mai shayi, in sheƙa, kumfa ya tashi. In sake. Abin da na yi ta yi ke nan, tocila a baki.

"Baban yara, lafiya kake wanka da kifi tsakar dare?"

Na ce ta taimaka ta ɗora ruwa a gas. Ba ta ƙara magana ba, Allah Ya saka mata. Muka riƙa sirka ruwan zafin don kada roba ta lanƙwashe, mu ɗura a gorunan lita ɗaya da rabi, mu ɗaure murfi tam, mu saka su yi iyo a ciki. Zuba ruwan kai tsaye ba ya yiwuwa, zai tsinka gishirin. Na yi lissafi a ka: gora ɗaya mai zafin digiri 60 ba ta ɗaga lita 200 fiye da kwatan digiri. Gora huɗu, digiri ɗaya. Aikin jinya ne sosai.

Wajen ƙarfe huɗu Hajiya ta fito alwalar nafila. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu. Ita dai tun ranar da aka shigo da gilashin nan ba ta gane kifin da ba a ci ba. Murjani kuma na wuya ta sani, irin jan nan na kayan aurenta, har yau ba ta yarda cewa dabba ce mai rai ba.

"Kai wannan," in ji ta, don ba ta kama sunana, "kowa ya sayi rariya ai ya san tana zubar da ruwa. Ka ɗauko abin teku ka kawo Bauchi."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta koma ɗaki. Can sai ga ta da bargonta mai nauyi, wanda ta zo da shi daga Makka, wanda ko jikokinta ba sa taɓawa. Muka naɗe gilashin da kwali, muka yafa bargon. Saman ne ya ba ni wahala: in na rufe duka, ɗumi ya zauna amma iska ta toshe, in na buɗe, jaura ta kwashe abin da muka tara. Na bar rata kamar taƙi ɗaya, daidai shigar moɗa.

Da asuba na bar wa uwargida moɗar na tafi masallaci. Allah Ya yafe min, rabin hankalina na falo. Na dawo na tarar 22.6, shi ne mafi ƙasa da ya kai. Jatan landen kuma na kwance a gefe. Na fitar da shi nan take, don in ya ruɓe a ruwan da matatarsa ba ta aiki, ammoniya zai saki, ita kuma guba ce. Saboda haka ne ma na hana yara ba su abinci. Ƙaramar ta yi ta kuka wai yunwa za ta kashe su. Kifi lafiyayye yana kwana biyu uku bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Gari na wayewa Auta ya hau rufi da tsumma, daga nan ya wuce Wunti ya sayo manyan batura. Na kankare tsatsar famfon da wuƙa, sai ga kumfa yana tashi shi kaɗai. Na zauna a ƙasa, hannuna na rawa. Ofis kuwa waya na yi na ce ina da marar lafiya a gida.

Mai gyara ya zo bayan azahar. Tsohon mai ne ya daskare a kabreta. Minti ashirin, ya karɓi kuɗinsa, ya leƙa falo ya tambaya ko na sayarwa ne. Muka ajiye janareton can bayan gida saboda hayaƙi.

Na mayar da hita, na bar ta ta hau a hankali, don saurin ɗumama ma illa ne. Na auna gishiri, ya ɗan haura, 1.027 maimakon 1.025. Aikin hunturu ne, busasshiyar iska na shan ruwan ta bar gishirin, sai na cika da tataccen ruwa kaɗan-kaɗan. Fitila sa'a uku kawai na kunna. Murjani na buƙatar haske, don wasu ƙananan tsirrai ne ke zaune cikin namansa suna haɗa masa abinci, amma kwana ɗaya biyu na duhu bai fi ranar hadari a teku ba.

Yanzu 10:15. Ma'auni na kan 24.3. Murjani shida sun buɗe, mai rassan nan ne kawai gindinsa ya yi fari, sai gobe in ga ko farin na hawa. Bayan isha'i an yi zaman karo-karon taransifoma a ƙofar masallaci, an ce sai wani satin in Allah Ya yarda. Man da ke janareto zai kai ƙarfe ɗaya, na sa agogo 12:45, goruna na jere kusa da gas. Hajiya ta aiko a tambaya ko kifin sun gama da bargon. Na aika mata da nawa.