'Yan aiken JavaScript: abin da aiki da bayanan Hausa ke koyarwa

Duk wanda ya daɗe yana rubuta JavaScript, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, yakan wayi gari da fayil guda da ya tara ƙananan ayyuka a ciki: wannan na gyara lambar waya, wancan na rubuta kuɗi, wani na jera sunaye. 'Yan aike nake kiransu, domin aikinsu ke nan: ka miƙa musu abu, su dawo maka da amsa. Brendan Eich ya ƙirƙiri harshen a kamfanin Netscape a 1995, cikin gaggawa, kuma ya fito da giɓi da yawa. Cike giɓin ne ya haifar da kundaye, wato tarin kod da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka, irin su Prototype a 2005, jQuery a 2006, Underscore a 2009, da Lodash a 2012. Sai dai babu ɗayansu da aka rubuta da Ƙofar Atiku ko kasuwar Illela a zuciya, kuma a nan ne masu gina shafuka a Sakkwato suka fi tuntuɓe.

Darasi na farko shi ne a bar wa harshen kayansa. JavaScript na ba ka damar ka liƙa sabon aiki a jikin Array.prototype ko String.prototype, nan take kowane jeri da kowane rubutu a shafin ya gaje shi. Abin na da daɗin rubutawa, amma aro ne da ba a san ranar biya ba. Kundin MooTools ya yi haka, ya liƙa wa jeri aiki mai suna flatten. Da masu tsara harshen suka zo ƙara nasu flatten a 2018, sai aka ga tsofaffin shafuka za su lalace, dole aka sauya sunan zuwa flat. Irin wannan karo da kundin ne ya sa yau muke rubuta includes maimakon contains. Mafi muni shi ne taɓa Object.prototype: duk abin da ka liƙa a can ta hanyar da aka saba zai riƙa bayyana a kowane zagayen for...in na shafin, har cikin kod ɗin da ba kai ka rubuta ba. Saboda haka ɗan aike ya zauna a fayil ɗinsa, a fitar da shi da export, mai buƙata ya kira shi da import.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Kusan duk misalin da ke intanet na mayar da taken rubutu zuwa adireshin shafi hanya ɗaya yake bi. A mayar da haruffa ƙanana, a kira normalize da NFD don a raba harafi da alamar da ke kansa, a share alamar, sannan a zubar da duk abin da ba ya tsakanin a da z ko 0 da 9. Wannan na aiki ga é ta Faransanci, domin a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ana iya raba ta gida biyu, e da alamarta. Ita kuwa ƙ harafi ce cikakkiya mai lambarta, U+0199, lanƙwasar jikinta ce, ba ta rabuwa. Haka ɗ mai U+0257 da ɓ mai U+0253. Sakamakon shi ne matakin ƙarshe ya haɗiye harafin gaba ɗaya. Ƙofar Atiku ta koma ofar-atiku, ɗaki ya koma aki, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito ya faɗakar da kai. Gyaran shi ne a sa ƙaramin teburi kafin matakin zubarwa: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y.

Amma teburin ma yana da wutsiya. Da zarar an cire lanƙwasa, ƙara da kara sun zama abu ɗaya, haka ƙasa da kasa, ɓata da bata. Labari kan ƙarar da aka shigar kotu da labari kan kasuwar Kara na iya karo a adireshi guda, na biyu ya danne na farko. Don haka mai adanawa ya duba ko adireshin na nan, in yana nan ya ƙara lamba a ƙarshe. Kuma kada a taɓa maye gurbin asalin rubutun da wanda aka sauƙaƙa. A rumbun bayanai a ajiye biyu: na asali don nunawa, sauƙaƙƙen don bincike, saboda mai neman Ɗanjuma a wayar da ba ta da madannan Hausa Danjuma zai rubuta, kuma ya kamata ya same shi. A bincike ne ma za a tuna da alamar da ke gaban 'ya'ya: akwai miƙaƙƙiya U+0027, akwai lanƙwasasshiya U+2019 da waya kan saka da kanta, akwai kuma U+02BC. A ido duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta uku ne daban. A mayar da su ɗaya kafin kwatantawa.

Jera sunaye ma haka. In aka kira sort babu komai a ciki, lambar harafi yake bi, sai Ƙasimu da Ɗahiru su faɗa can bayan Zainab a rajistar ɗalibai. Intl.Collator da lambar harshe ha ke mayar da ƙ bayan k, ɗ bayan d. A kuma tuna sort na sauya jerin da aka ba shi ne, ba ya yin sabo. Ɗan aike nagari ba ya taɓa kayan wanda ya aike shi, don haka ya kwafi jerin tukuna, ko ya yi amfani da toSorted da aka ƙara a 2023. Masu rubutu da harshen PHP kuma su san strlen bayit yake ƙirgawa, ƙ kuwa bayit 2 ce a UTF-8, mb_strlen ne ke ba da adadin haruffa. Wanda shafinsa ke tura saƙon tes ga iyayen yara ko abokan ciniki shi ma ya lura: saƙo ɗaya haruffa 160 ne, amma ƙ guda tak na mayar da iyakar zuwa 70, kuɗin turawa ya ninka.

Lambar waya kamar mai sauƙi ce. Ta Najeriya lambobi 11 ce da sifiri a gaba, ko 234 da lambobi 10 a bayanta. Da yawa sukan rubuta ɗan aike da ke cewa in tsawon ya kai 11, a yanke ta farko a sa 234. A Sakkwato wannan kuskure ne mai tsada. Daga Illela Birnin Konni na nan kusa, kuma lambar Nijar 227 ce da lambobi 8, jimla 11 cif. Ɗan aiken zai yanke 2 ta farko ya ƙera lambar bogi mai 234 a gaba, wadda ba ta mutumin da ake nema ba ce. Tsarin da ya dace shi ne a share tazara da layi da alamar tarawa, a cire 00 in tana gaba, sannan a duba farkon lambar kafin tsawonta. In 234 ce, a jefar da sifirin da wasu ke bari a bayanta, a tabbatar saura 10. In 227 ce, saura 8. In 10 ce babu sifiri, galibi Excel ne ya cinye shi. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, a mayar da null, wato babu amsa, kada a yi hasashe. Kuma lambar waya rubutu ce, ba a ajiye ta a matsayin adadi.

Kuɗi kuwa a riƙe su a kwabo, cikakkiyar lamba. A JavaScript 0.1 da 0.2 na ba da 0.30000000000000004, kuma 19.99 sau 100 na ba da 1998.9999999999998, shi ya sa Math.round ya zama dole wajen juyawa. Haɗarin da ya fi wannan shi ne waƙafi. Mai shago ya rubuta 12,500, parseFloat ya tsaya a waƙafin ya dawo da 12, rasit ya fito da naira 12. Number kuma in aka ba shi fili babu komai sifiri yake dawowa da shi, sai kaya su zama kyauta. A cire waƙafi, a ƙi karɓar fanko, a duba da Number.isFinite. Wajen nunawa a bar wa Intl.NumberFormat aikin, shi ya san naira na da gurbi biyu na kwabo, sefa kuwa ba ta da ko ɗaya.

Kwanan wata na da tarko biyu. Watanni daga 0 suke farawa, Janairu 0, Disamba 11. Sannan Najeriya na gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, toISOString kuma da UTC yake magana. Ƙarfe 12 na daren shiga 1 ga Maris a Sakkwato, 11 na daren ranar ƙarshe ta Fabrairu ce a wurinsa, sai cinikin farkon wata ya faɗa lissafin watan da ya wuce. In kwanan gida ake so, a haɗa shi daga getFullYear, getMonth da getDate.

Saura tambayar yaushe za a rubuta da kai, yaushe za a ɗauko na wasu. A Maris 2016 marubucin left-pad, kod mai layi 11 da ke cike gurbi a gaban rubutu, ya janye shi daga npm, rumbun da masu JavaScript ke ɗauko kod, sai manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa. Bayan shekara guda harshen ya samu padStart. Don haka a fara duba ko harshen ya riga ya tanadi abin: structuredClone na yin kwafi mai zurfi ba tare da mayar da kwanan wata rubutu ba, saɓanin tsohuwar dabarar mayar da abu rubutun JSON sannan a dawo da shi. Lodash gaba ɗayansa ya kai kusan kilobayit 70, nauyin da bai kamata a ɗora wa mai ƙaramar waya da datar da ya saya da guminsa ba saboda debounce kaɗai, wato jinkirta aiki har sai mai amfani ya daina dannawa, alhali layi kaɗan ne: a soke tsohon setTimeout, a kafa sabo na milisakan 300. Amma abin da ya shafi tsaro, kamar tsabtace HTML da mai ziyara ya rubuta ko haɗe abubuwa masu zurfi inda maɓallin __proto__ kan ba mai mugun nufi damar taɓa Object.prototype, wannan ba na son kowa ya rubuta nasa. A ɗauko wanda idanu da yawa suka duba.

A ra'ayina ba a mayar da kod ɗan aike sai an rubuta shi sau uku a wurare daban, domin a lokacin ne ake ganin abin da ke sauyawa da abin da ba ya sauyawa. Ranar da aka rubuta shi kuma a rubuta gwajinsa, kuma bayanan gwajin su zama namu: suna mai Ɗ a farko, 'Yar'adua da alamominta, lamba mai 227, farashi mai waƙafi, fili fanko, da ƙarfe 12 na daren ƙarshen wata.