Asabar: Kwamfutar Ɗaki a Tafin Hannuna

Tun bayan sallar asuba na zauna kan aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato haɗa wayata da kwamfutar tebur da ke ɗakina, domin jibi zan tafi Zariya in yi mako biyu, alhali duk lissafin shagonmu yana cikinta.

Da farko na nufi Remote Desktop, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa da Windows ya zo da ita, sai na tarar nau'in Home da nake da shi ba ya karɓar mai shigowa daga nesa, sai nau'in Pro. Ko da yana karɓa ma, da sauran rina a kaba, saboda intanet ɗin gidanmu ta layin waya yake zuwa, kuma a irin wannan tsari mutane da yawa ne ke tarayya a adireshi guda, don haka buɗe ƙofar da Remote Desktop ke bi mai lamba 3389 a na'urar waifai ba za ta kai ni ko'ina ba. Hankalina ma bai kwanta da buɗe ta ba, tunda ƙofa ce da masu kutse ke yawan ƙwanƙwasawa.

Sai na koma ga Chrome Remote Desktop, wanda kyauta ne, kuma a cikinsa kwamfutar ce da kanta take neman hanyar fita, ta haɗu da wayar ta asusun Google ɗaya. An buƙaci lambar sirri da ba ta gaza alƙaluma 6 ba, na zaɓi wadda ba ta da alaƙa da ranar haihuwar kowa a gidan.

Bayan azahar na zaunar da ƙanena gaban kwamfutar, na taka zuwa bakin titi, na kunna data. Da fuskar kwamfutata ta bayyana a kan wayar, ƙanƙanuwa, har sai da na ware ta da yatsu biyu kafin in iya karanta jadawalin kuɗin watan jiya, farin ciki ya cika ni. Ina dawowa ya tarye ni a zaure yana cewa, "Yaya, wallahi kibiyar nan ita kaɗai take yawo!"

Da la'asar na sake gwadawa, shiru, ashe kwamfutar ta yi barci. Na gyara tsarinta yadda allo zai iya mutuwa amma ita ta zauna a farke. Da magariba kuma aka ɗauke wuta, a nan na gane cewa babbar matsalata ba manhaja ba ce, domin kwamfutar da ta mutu ba ta amsa kira komai ingancin haɗin. Da wuta ta dawo na shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi tun kafin Windows ya tashi, na zaɓi umarnin da ke sa ta tashi da kanta duk lokacin da lantarki ya dawo. Na zare filogi, na ƙirga goma, na mayar, sai na ji fankarta ta fara juyawa ba tare da na taɓa maɓalli ba.

Saura gobe in sa wa na'urar waifai datar wata guda kafin in haɗa kaya.