Abin da hannun hambirki ke koya wa mai sauya kayan mota

A aikin sauyin kayan mota, irin mayar da atomatik zuwa manuwal, hambirki, wato birkin ajiya na hannu, shi ake bari ƙarshe. An ɗaura giya, an haɗa kuloci, mota ta tashi, mai ita yana tsaye yana duba agogo, sai a tuna ba abin da zai riƙe ta idan an ajiye. A wannan gaggawar ake yin ɓarnar da ke dawo da mota gareji bayan sati biyu.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, ita ce misali mafi kusa. Atomatik ɗinta da ƙafa ake taka birkin ajiya, kuma fedar tana can hagu, wajen da fedar kuloci za ta zauna. Wanda zai mayar da ita manuwal dole ya cire fedar nan ya kafa hannu a tsakanin kujeru. Haka ma motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko wadda aka sa wa akwatin tsakiya na wata mota: hannun ya kan bugi giya, ko ya ƙi shiga ramin akwatin, sai a fara tunanin yanka.

Kafin a ɗauko zarto, a ɗauko tef. Hannun hambirki ba sanda ba ce kawai, lissafi ne. Akwai tsawo biyu a jikinsa: daga ƙusar da yake juyawa a kanta zuwa inda ake kamawa, da kuma daga ƙusar zuwa inda waya ta rataya. A ce na farko santimita 28 ne, na biyu 4. Duk ƙarfin da direba ya sa zai ninka sau bakwai, jan kilo 20 ya zama kilo 140 a kan waya. A rage santimita 6 don ya daina bugun giya, ninkin ya koma biyar da rabi, kilo 140 ɗin ya zama 110. Motar za ta tsaya a fili, a gangare kuma ta sulale, musamman a hannun wanda ba shi da ƙarfin damtse. Wasu sukan rama ta hanyar matso da ramin wayar kusa da ƙusa. Ƙarfi ya dawo, amma yanzu hannun ba ya jan waya da nisa, sai haƙoran da ke riƙe hannun su ƙare birki bai kama ba. Abin da aka samu a ƙarfi an biya shi da nisa. Shi ya sa lanƙwasa hannun ko matsar da gindinsa baya kaɗan ya fi rage shi.

Darasi na biyu a kasuwa ake koyonsa. A Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada a sayi hannu shi kaɗai. A sa a ciro shi da wayar gaba, da ƙarfen da ke raba ja tsakanin wayoyin baya biyu, da makunnin fitilar gargaɗin birki, da notinansa, duk daga mota ɗaya. Wayar feda doguwa ce, daga gaba take tasowa, ba ta da amfani ga hannu. Kuma a ja hannun a gaban mai kaya a saurara: ƙarar haƙora ta fito ɗaya bayan ɗaya a tsabtace. Wanda ke tsallake haƙori, ko maɓallinsa ke maƙalewa a ciki, a ajiye masa abinsa. Haɗa haƙoran wani hannu da ƙugiyar wani ganganci ne, don tazarar haƙoran ba ɗaya ba ce, ƙugiyar, wato ɗan ƙarfen da ke faɗawa cikin haƙoran, za ta kama da bakinta kawai, rufe ƙofa da ƙarfi ma ya isa ya sake ta.

Wurin kafawa shi ne inda aka fi raina aiki. Ƙarfen ƙasan mota siriri ne, wajen milimita ɗaya, kuma masu ƙera mota sukan ninka shi a daidai gindin hambirki. Idan an ɗaga kafet aka tarar da ramuka masu zare a jira, an huta. Idan babu, ba a huda a ɗaure haka nan. Ana sa faranti mai kaurin milimita 3 ta ƙasa, wanda ya zarce ramukan ta kowane gefe, da ƙusoshi M8 masu lamba 8.8 a kansu. In ba haka ba, ramin zai yi ta faɗaɗa, gindin ya riƙa ɗagowa, direba ya ji hannun ya yi laushi, yaro ya ƙara matse waya, alhali ƙasan ne ke yagewa. Kafin hudawa a leƙa ƙarƙashi, don bututun mai da na birki da salansa duk ta nan suke bi. A motoci da yawa kwamfutar jakar iska tana kan tudun nan na tsakiya, saboda haka a cire kan batir, a jira kamar minti biyu, kuma ba a yin walda kusa da ita.

Idan yankan ya zama dole, a fara zare robar riƙo da ruwan zafi, a fito da maɓalli da sifirin da siririn sandan da ke cikin bututu. Nawa aka rage a bututu, haka za a rage a sandan, ba ƙari ba ragi. Ya yi tsawo, ƙugiya ba za ta zauna sosai ba. Ya gajarta, maɓalli ba zai saki ba. A zura guntun bututu a kan mahaɗar kafin walda, don walda baki da baki a nan take karyewa. Haƙoran kuwa ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, zafin walda yana kashe taurin, sai su cinye a wata kaɗan. A cire su, ko a naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma.

Waya ba a yi mata walda, ba a ƙulla ta. Wuta tana gasa zaren ya tsinke daga bakin ƙullin. A bi da ita nesa da salansa, ba lanƙwasa mai kaifi, a kuma duba ta yayin da mota ke kan jak tayoyin baya na reto, don a nan ake gane ko ta yi gajarta. Makunnin fitila yawanci waya ɗaya gare shi, ta jikin mota yake samun as, wato hanyar da wuta ke komawa batir, don haka sabon fenti a gindin hannu yana hana shi aiki. Kada a cire kwan don fitilar ta ƙi mutuwa: a motoci da yawa ita ce kuma ke nuna man birki ya yi ƙasa.

Sai saiti, kuma daga baya ake farawa, ba daga notin hannu ba. A Camry da Peugeot 406 masu faifan birki a baya, akwai ƙananan shu, wato takalman birki, a cikin faifan. A sassauta waya gaba ɗaya, a juya tauraron saiti da ke tsakanin shu ɗin har taya ta ƙi motsi, a mayar da shi baya har ta sake, sannan a zo ga notin. A irin Golf da Accord kuwa, inda wayar ke jan ɗan hannu a jikin kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, dole ɗan hannun ya koma ya zauna a matsayarsa idan an saki birki. In waya ta riƙe shi a hanya, birkin zai riƙa goga, faifai ya yi zafi, mota ta ƙara shan mai. Littattafan gyara na Toyota da jan kilo 20 suke awo, kuma adadin haƙoran da suke nema yakan faɗa tsakanin 5 da 9, gwargwadon samfuri. Mai ɗaurewa a haƙori biyu don mai mota ya ji daɗi, shu yake ƙonawa.

Ƙa'idar da Turai ke bi ta ce birkin ajiya ya riƙe mota da cikakken lodi a gangaren kashi 20 cikin ɗari, da jan da bai wuce kilo 40 ba. Wato hawan mita ɗaya a cikin tafiyar mita biyar. A nemi irinsa, a sa mutane a ciki, giya a firi, ƙafa kusa da birki, a gwada tana kallon sama, a juya a gwada tana kallon ƙasa. Bayan haka a yi tafiyar kilomita biyu ko uku ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowace tayar baya. Wadda ta fi 'yar uwarta zafi, wayar ɓangarenta ce ba ta saki ba.